Ƙafar da Ke Bayan Labule

Wari ne ya fara gaya wa Riskuwa, tun kafin kowa a gidan ya buɗe baki.

Tana durƙushe a ƙofar ɗakin surukinta, Baba Ummaru, a daidai inda ta saba durƙusawa shekara tara: taku biyu daga labule, kai a sunkuye. Ta gaishe shi, ya amsa daga ciki, ya tambayi aiki da mutanen Birnin Kebbi da jikarsa Ummu Hani. Sai iska ta ɗaga gefen labulen, ta kawo mata abin da ke cikin ɗakin. Shekararta goma sha ɗaya tana aikin jinya a ɗakin maza na babban asibiti, inda ake kwantar da masu karaya da masu gyambo. Ko da ido rufe ta san warin naman da ya fara mutuwa a jikin mai rai. Yana da wani zaƙi-zaƙi a ƙarƙashinsa, kuma in ya shiga hanci ba ya fita da wuri.

Ta tashi ta koma gindin dogonyaro, inda uwar mijinta, Inno, ke tsintar shinkafa. Ta karɓi faifan ta ci gaba da tsinta, sannan ta tambaya a kaikaice ko jikin Baba lafiya. Inno ta ce lafiya lau. Ƙayar ƙurungu ce kawai ta soke shi a tafin ƙafa, mako uku ke nan, ran da ya shiga ruwa duba ƙugiyoyinsa, kuma wane masunci ne ƙayar kifi ba ta taɓa soka ba? Warin kuwa na magani ne. Sunusi na kula da ciwon safe da rana da yamma.

Sunusi shi ne babban ɗan gidan, yayan mijinta. Yana da shagon maganin gargajiya kusa da kasuwar Argungu, da kwalabe masu takarda manne a jiki, da lasifika a kan rufi. Mutane na zuwa wurinsa daga Gulma, har daga ƙauyukan ƙetaren ruwa. Ba a jima ba ya shigo da 'yar tukunya tana tururi. Ya amsa gaisuwarta da fara'a, ya ce yau likitoci biyu sun haɗu a gida ɗaya.

"Yaya, ƙwayoyin sugan Baba fa? Suna sha?"

"An aje su tukuna. Ba a gama magani biyu cikin jiki guda, wani na kashe wani."

Ta ce shekara shida Baba na shan su, kuma mai suga in ya ji rauni a ƙafa ba a yi masa sakaci. Sunusi ya yi murmushin wanda ya daɗe da shirya amsa. Ya ce sassaƙen da yake dafa masa ya fi kowace ƙwaya tsotse suga, ga zogale, ga shuwaka. Ciwon kuwa da zuma yake ɗaure shi, gauraye da garin magani da man shanu, kuma yana ba shi cokali uku ya sha da safe don ta yi aiki ta ciki.

"Ke da kanki kin hwaɗi ran sallah, gaban kowa, cewa da zuma kuke wankin miki asibiti. Ko ba ki hwaɗi ba?"

Ta faɗa. Ran babbar sallah ce, mata na suyar nama, mai ya fallatsar wa wata a hannu, aka yi ta gardamar abin da za a shafa, ita kuma ta ce ko a asibiti suna sa zuma a wasu raunukan. Ba ƙarya ta yi ba. Suna sawa, kuma tana aiki. Amma sai an wanke ciwon, an yanke mataccen nama, an auna suga an saukar da shi, an ba da allurar kashe ƙwayoyin cuta, sannan kullum a buɗe a duba da ido. Duk wannan ba ta faɗa ba ran nan, don ba darasi ta je bayarwa ba, nama take juyawa. Yau ga maganar tata an ɗauko, an gutsure mata gindi, an ɗaure ƙafar tsoho da ita.

Ta so ta ce a bari ta gani. Maganar ta zo bakinta ta tsaya. A gidan nan ba ta taɓa shiga ɗakin Baba ba, ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta taɓa cin abinci inda zai gan ta ba. In suka yi kiciɓis a zaure, ita ke raɓewa jikin bango har ya wuce. Da wannan ake yabonta a dangi: 'yar boko, ma'aikaciya, amma ga kunya. A asibiti kuwa tsofaffi sa'anninsa take tuɓewa ta wanke, ba ta ko ƙifta ido.

A hanyar komawa ta jira har suka wuce Ambursa, Ummu Hani ta yi barci a baya, sannan ta gaya wa mijinta Ja'afar cewa ƙafar Baba na ruɓewa. Ya tambaye ta ko ta gani. Ta ce ta ji warinta. Ya ce wari ba gani ba ne. Ya ce Yaya ba yau ya fara aikin nan ba, ya warkar da mutanen da asibiti ya sallama. Ya ce shi ƙarami ne, ba zai tsaya gaban yayansa ya ce masa bai san aikinsa ba. Da ta matsa, sai ya fito da abin da ke can ƙasa.

"Ki duba mana, Maman Ummu. A ce mai magani ya ɗauki ubansa ya kai asibiti. Wa zai sake taka shagonsa?"

Ta yi ta kallon gonakin shinkafa suna wucewa har suka shiga gari.

Washegari ta haɗa leda: abin gwajin suga, auduga, bandeji, ruwan wanke ciwo, da sabbin ƙwayoyi. Ta koya wa Ja'afar yadda ake soka yatsa har sau uku. Ran Asabar ya tafi da ledar, ya dawo da ita a ɗaure yadda ta ɗaure ta. Yaya ya ce an gode, amma ba a huda mai suga, kowace huda sabon ciwo ce. Ta roƙe shi ko hoton ƙafar ya ɗauko mata a waya. Ya yi mata kallon wadda ta ce ya tuɓe ubansa a kasuwa. Mako na gaba dai ya kawo hoton. Ƙafa ce naɗe da tsumman atamfa tun daga yatsu har ƙwauri, an ɗora ta kan matashi. Babu abin da ake gani sai atamfar, da ƙudaje uku.

Sista Roda ce shugabar ɗakinsu, mutumiyar Filato da ta yi shekara ashirin a Kebbi, Hausa a bakinta har da ta zagi. Ta iske Riskuwa tsaye gaban tiren kayan aiki, almakashi a hannu, ba ta yanka komai ba. Riskuwa ta ba ta labari.

"Yatsun wace kala?"

"Ban gani ba, Sista."

"Kumburin ya kai ina?"

"Ban gani ba."

"To me kika gani?"

"Labule."

Roda ta karɓi almakashin ta ajiye. Ta ce da uban wani ne aka kawo musu a haka, da Riskuwa ce ta farko da za ta zagi 'ya'yansa a zuci. Ta ce ita ba ta raina al'adar kowa ba, ita ma ba ta kallon surukinta cikin ido, amma ba ta taɓa jin an binne mutum an ce kunya ta yi kyau ba. Riskuwa ta ce za ta je. Ta kuwa yi niyya.

A mako na biyar ta je. Tun daga zaure ta ji warin, duk da turaren wutar da aka banka a tsakar gida. An ajiye randa ƙarama a ƙofar ɗakin Baba, don yanzu ba ya rabuwa da ƙishirwa, Inno ta ce sai ya sha moɗa goma kafin azahar, kuma fitsari ba ya tsayawa. Sunusi ya ce sugan ne ke fita. Ya rame shi ma, idonsa ya faɗa. Ya rufe shago rabin yini tun da abin ya fara. Shi ke goyon tsohon zuwa makewayi, shi ke yi masa wanka, shi ke shiga daji da kansa saro itace don kada a kawo masa na banza. Duk wanda ya zo dubiya sai ya sa masa albarka. Riskuwa ta ga haka, abin ya ƙara mata nauyi. Da mugu ne da ta san yadda za ta yi da shi.

Ta durƙusa a wurinta, ta gaida Baba. Muryarsa ta fito a hankali, kamar daga cikin rijiya. Ya ce da sauƙi. Ta tsaya a durƙushe fiye da yadda ta saba. Shi ma ya yi shiru bai sallame ta ba. Labulen na motsi tsakaninsu. Can Inno ta kira ta ta zo ta ci abinci, ta tashi.

Suna cikin cin abinci Sunusi ya fito da tukunya, fuskarsa a washe, ya ce yana da albishir ga likita. Ya ce makon farko in ya taɓa ƙafar Baba sai ya yi ƙara. Yanzu kuwa da ruwan da ya tafasa yake gasa ta, shi kansa sai da tsumma biyu yake riƙewa, amma Baba ko motsi ba ya yi.

"Zahin ya tahi gaba ɗai. Ciwon da ba shi zahi ai ya kama hanyar warkewa."

Inno ta ɗaga hannu ta yi hamdala. Matan da suka zo dubiya suka taya ta. Riskuwa ta daina cin abincin. Ta san abin da ke sa ƙafa ta daina jin zafi. Jijiyoyin sun mutu. Kuma ruwan da ba ya ji ɗin yana dafa abin da ya rage.

Ta ajiye cokali, ta ce, murya ƙasa-ƙasa, rashin jin zafin nan ba sauƙi ba ne, shi ne alama mafi muni, a kai Baba asibiti yau. Inno ce ta amsa, ba da faɗa ba. Ta lissafo mutum uku a unguwarsu da aka kai Birnin Kebbi da ƙafa biyu, aka dawo da su da ɗaya. Ta ce can wuƙa kawai suka sani. Riskuwa ta san biyu daga cikinsu, ita ta karɓe su a ɗakin jinya, kuma ta tuna a wane hali aka kawo su, da bayan wata nawa. Amma ba a ce wa uwar miji ta yi ƙarya gaban baƙi. Sunusi ya ce a ba shi mako biyu. In bai warke ba, shi da kansa zai ɗauke shi. Ja'afar ya ce wannan magana ta yi, ya kalli matarsa, kallon da ke cewa ta bari haka.

Ta bari. Wannan ne abin da ta kasa yafe wa kanta daga baya. Ta wanke kwanonin da aka ci abinci, ta yi sallama, aka ba ta busasshen kifi ta kai wa Ummu Hani.

Kwanakin suka yi ta tafiya. Tana wanke ƙafafun iyayen wasu, tana lissafin ta Argungu. Kowace safiya Ja'afar ya kira gida, kowace safiya a ce da sauƙi. Ran na tara cikin mako biyun aka ce Baba ya daina son abinci, amma ɗacin magani ne. Ran na sha ɗaya aka ce yana rawar sanyi, amma zazzaɓin sauro ne, ai lokacinsa ne. Ran na sha uku, suna karin kumallo, Inno ta kira da kanta. Ja'afar ya sa wayar a kunne, amma muryar tsohuwar ta fito har inda Riskuwa take. Baba na magana da ƙanensa da ya nutse shekara talatin da suka wuce, yana ce masa ya riƙe jirgi. Sunusi ya ce iskan ruwa ne suka biyo ciwon, ya fara yi masa hayaƙi.

Ja'afar ya ajiye wayar ya ce za su je ran Asabar. Ranar Laraba ce.

Riskuwa ta kira Roda ta ce ba za ta shigo ba. Ta sa fararen kayanta na aiki, ta ɗora hijabi a kai, ta ɗauko ledar nan da aka dawo mata da ita. Ta tsaya gaban mijinta ta ce ko ya kai ta, ko ta je tasha. Bai taɓa jin wannan muryar a gida ba, ta asibiti ce. Ya ɗauki makulli.

Da hantsi suka isa. Tsakar gidan cike da hayaƙi da mata. Riskuwa ta gaida Inno a tsaye. Ta wuce randa, ta wuce wurin durƙusonta, ta yi sallama, ta ɗaga labulen. Ta ji wata ta ja salati a bayanta.

Ɗakin ƙarami ne, ba haka ta zata ba. Raga rataye a bango, da fitila, da buzu. Baba na kwance kan katifa, ya ƙanƙance, leɓɓansa sun bushe sun tsage, numfashinsa na fita da sauri. Sunusi na tsugune gefensa da kaskon garwashi. Ya ɗago ya gan ta. Ta sa safar hannu, ta soki yatsan tsohon. Abin gwajin bai ba da lamba ba, sugan ya wuce inda yake iya aunawa. Ta ɗauko almakashi ta fara yanka atamfar.

"Riskuwa, kin san inda kike? Ɗakin surukinki na."

"Na sani, Yaya. Ka matso da fitila."

Tsumman ya manne, sai da ta jiƙa shi. Da ya buɗe, Ja'afar da ke bakin ƙofa ya juya ya fita da gudu, aka ji yana amai a gindin dogonyaro. Yatsu uku sun yi baƙi ƙirin sun ƙandare. Tafin ƙafar ya buɗe, ana hango farin ƙashi a ƙarƙashin garin magani. Bayan ƙafar duk tabon ƙuna ne. Ta danna ƙwauri da yatsa, ta ji yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin fata.

Sunusi ya ce baƙin nan dafin ƙayar ne ya taru wuri ɗaya, yana gab da faɗuwa. Ya faɗa da ƙarfi, don a ji a waje. Amma ta ga ya kau da ido daga ƙafar, ta gane ya daɗe da sani, kullum shi ke buɗewa ya gani ya mayar ya rufe. Ba ta yi gardama da shi ba. Ta rufe ƙafar da bandeji mai tsabta, ta leƙa ta ce wa Ja'afar ya kawo mota bakin zaure. Da Sunusi ya tsaya a ƙofa, ta ce masa a hankali, yadda su biyu kawai za su ji, cewa in aka kai la'asar a nan, gobe ba magani zai dafa ba, ruwan wankan gawa zai ɗora. Ya kauce. Shi ya ɗauki uban nasa a hannu har mota.

An yi wa Baba ƙarin ruwa da allurai yini da kwana. Washegari da hantsi zazzaɓin ya ɗan sauka, hankalinsa ya dawo, ya gane kowa. Likita ya tara su a gefen gado. Matashi ne, mutumin kudu, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, Roda ke fassara. Ya ce yau za a iya yankewa ƙasan gwiwa. Gobe sai dai saman gwiwa. Jibi kuwa ba maganar ƙafa za a yi ba.

Inno ta fashe da kuka, ta ce ai ta faɗa. Sunusi ya ce a ba shi takardar sallama ya sa hannu, zai mai da ubansa gida.

"Da ƙahwa biyu Allah Ya yi shi, da biyu za shi koma ga Allah."

Aka juya ga Ja'afar. Ja'afar na kallon ƙasa. Roda ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce mai ƙafar na nan kwance, kuma kunnensa lafiya lau, a tambaye shi mana. Mako bakwai ke nan ana shawara a kan ƙafar nan, ba wanda ya tuna da hakan. Roda ta ja kujera ta ajiye daidai kan tsohon, ta kama kafaɗar Riskuwa ta zaunar da ita.

Ba ta taɓa ganin fuskarsa kusa haka ba. Tsagen Kabawa ne a kumatunsa, tsufa ya nutsar da su, girarsa kuwa sak ta Ummu Hani. Ta gaya masa komai, ba ta rage ba. Ya saurara idonsa a kan rufi.

"In an bari hwa?"

"Rai na Allah ne, Baba. Amma yadda muke gani, ba za ku wuce 'yan kwanaki ba."

"In anka yanke, ina shiga jirgi?"

"Za ku zauna a jirgi. Shiga ruwa dai ban yi muku alkawari ba."

Sannan ya ce shi masunci ne, shekara hamsin yana jin warin kifi, ya san wanda za a ci da wanda za a zubar. Tun mako na biyu ya san ƙafar ta juya. Amma ya ga yaron nan na wahala a kansa, ga gari na kallo, bai so ya kunyata shi ba. Ya juyo da kai, karon farko ya kalle ta.

"Ran da kika daɗe durƙushe bakin ƙohwa, na ji ki. Na so in ce ki shigo ki duba. Nauyinki ya hana ni, ɗiyata."

Ta sunkuyar da kai, ba don kunya ba wannan karon. Ya ce a kawo takardar. Ya dangwala babban yatsa da kansa. Sunusi ya fita daga ɗakin.

An yanke ƙasan gwiwa, kuma Baba ya rayu.

Kafin ya farfaɗo daga tiyata, labarin ya riga ya koma Argungu ya sa tufafi. An ce ƙafar na gab da warkewa, har ta daina zafi, matar Ja'afar ta zo da kayan asibiti a jikinta, ta ɗage labulen surukinta gaban mutane, ta sa aka kai shi aka yanke. An ce boko in ya yi yawa haka yake. Ba wanda ya ambaci ƙwayoyin da aka ajiye, ko ruwan da ya tafasa, ko mako bakwai. Matan da ke yabon kunyarta shekara tara su ne suka fi kowa riƙe baki. Ja'afar bai ce ta yi laifi ba, bai kuma taɓa cewa gaban kowa ba ta yi ba. In an yi maganar sai ya ce haka Allah Ya ƙaddara, kowa ya ɗauki abin da yake so daga ciki.

Sunusi na zuwa kullum da yamma, ya zauna gefen gado, ya yanke wa uban farce, ya ba shi ruwa. Ba ya amsa gaisuwar Riskuwa. A mako na biyu gefen ɗinkin ya ɗan buɗe, likita ya ce a riƙa wankewa ana sa zuma. Riskuwa ce ke kan aiki. Ta wanke, ta goge, ta duba, ta auna suga ta rubuta, sannan ta buɗe kwalbar. Sunusi ya miƙe tsaye, ya juya ga masu jinyar gadajen kusa.

"Kun gani? Abin da nike yi ke nan. Sai da sunka yanke sannan sunka dawo gare shi."

Wasu suka gyaɗa kai. Riskuwa ta gama naɗe bandejinta, ta gyara wa Baba matashi, ta tura tirenta gado na gaba.

Inno kuwa tun ran tiyata ba ta yi mata magana ba. Tana kwana a baranda tare da sauran matan masu jinya, in Riskuwa ta gaishe ta sai ta amsa da ka. Ran da ya rage kwana biyu a sallami Baba, Riskuwa ta fito wanke hannu a famfon bayan ɗaki, ta ji an kama gefen rigarta. Inno ce. Ta duba dama, ta duba hagu. Ta ce wata biyu ke nan in tana tafiya sai ta ji kamar auduga take takawa, ga ƙishirwa ba dare ba rana. Sunusi na ba ta wata kwalba, tana sha. Ta zame takalmi ta nuna dundunniya, akwai 'yar tsaga da ta ƙi rufewa.

"Ki auna ni da abin nan naku. Amma kada Sunusi shi ji."

Riskuwa ta zaunar da ita kan dakali, ta shiga ta fito da abin gwajin. Inno ta miƙa yatsa, idonta na kan ƙofar da ɗanta ke shigowa.